Takalmin da Ya Tafi Katabu

Ni ɗan fari ne, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan yana nemana sai ya ce wa ƙanwata, "Ina wannan yaron?" ko da kuwa ina zaune a gabansa. A gidanmu wannan ba abin magana ba ne. Haka kakana ya yi masa, haka ya taso ya ga ana yi: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Umma ma tana yi, amma nata da sauƙi, don ita takan manta idan ba kowa a wurin. Baba ba ya mantawa.

Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba sai shekarar da na yi masa takalmi.

Lokacin ina aji biyu a jami'a, ina zuwa daga gidanmu a Unguwar Dosa. Ba ni da yawan abokai, kuma ba na zama majalisa. Idan na gaji da karatu, abin da nake yi shi ne duba shafukan da ke sanar da kambas ɗin da za su fito. Aikinsu ke nan: su sa hoton takalmin da kamfani bai riga ya fitar ba, su faɗi watan da zai shiga kasuwa, su nuna gefensa da ƙasansa da bayansa kamar dillalin mota. A can ƙasashen waje har layi ake yi, wani lokaci ma sai an yi ƙuri'a kafin mutum ya samu damar saye. Ni ban taɓa sa ran saye ba. Kallo kawai nake yi, ina buɗe hoton da yatsu biyu har sai na ga zaren saƙar ɗaya bayan ɗaya. A wurinmu ranar fitowar takalmi ita ce ranar da aka kwance dilar gwanjo a Kasuwar Barci, bayan wani a wata ƙasa ya gama gudunsa a ciki ya gaji.

A waɗannan shafukan na ga cewa akwai masu yi wa kambas na saƙa fenti, su mayar da shi yadda ransu ke so. Na gwada da wani tsohon nawa, na lalata shi. Na lafta fenti da kauri kamar mai shafen bango, ya toshe idon saƙar, ya bushe ƙamas, ina sa ƙafa ya tsattsage. Daga nan na fara koyo a hankali. Saƙa ba fata ba ce, shan fenti take yi. Sai an tsinka fentin da ruwan da ke sa shi laushi, a riƙa ɗiga shi da bakin burushi maimakon shafawa, a bar shi ya sha iska, a sake. Idan na gama shafi ɗaya nakan sa tafin hannuna a ciki in hura daga waje. In na ji iska a hannuna, takalmin yana numfashi. In ban ji ba, na yi ɓarna.

A wannan shekarar likita ya ce sugan Baba ya hau, dole ya riƙa tafiyar ƙafa kowace safiya. Baba ma'aikacin gwamnati ne da ya kusa ritaya, kuma takalmansa iri biyu ne tun da na san shi: sau-ciki na fata na zuwa ofis, da buɗaɗɗe na zuwa masallaci. Da sau-cikin ya fara tafiyar. Bai daɗe ba dunduniyarsa ta saɓule, ciwon ya ƙi warkewa da wuri, hankalin Umma ya tashi, don an gaya mata yadda ƙaramin ciwo a ƙafa ke zama babba ga mai suga. Likita ya ce a nemi takalmi mai laushi irin na masu gudu. Ƙanwata, wadda ita ke iya zama kusa da shi ta yi masa surutu, ta nuna masa hotuna a waya.

"Ni zan sa wannan?" in ji Baba. "In fito titi da ƙafa kamar aku? Sai yaran ofis su ce maigida ya taɓu."

Ya daina tafiyar gaba ɗaya.

Ban gaya wa kowa abin da na yi niyya ba. Wata rana yana masallaci na ɗauko sau-cikinsa, na zura karan tsintsiya a ciki na karya daidai tsawon, na ƙara wani karan na auna faɗin. Da su a aljihu na shiga layin 'yan gwanjo. Na daɗe ina juya takalma. Duk wanda launinsa ya yi hankali, ko tafinsa ya cinye ko bai kai girman ba. Guda ɗaya ne ya dace da karan, tafinsa da sauran ƙwari, cikinsa laushi ba ɗinkin da zai goge fata. Launinsa ruwan lemo ne mai ihu, da ratsin kore.

"Ɗalibi, wannan ko daga Mando aka hango ka an gane ka," in ji mai kayan.

"Na babana ne."

Ya dube ni, ya dubi takalmin. "Babanka ɗan rawa ne?"

Na yi murmushi kawai na karɓi ledata.

Na wanke shi na shanya a inuwa, na zare igiyoyin, na cusa tsofaffin jaridu har ya tsaya kamar da ƙafa a ciki, na rufe tafin da salatif na takarda. A bayan kicin nake aikin, da la'asar idan na dawo daga makaranta. Rufe ruwan lemo da launi mai duhu ba abin gaggawa ba ne. Shafin farko ya fito kamar tsatsa, na biyu kamar kunun da ya kwana, sai a hankali ya fara komawa ruwan ƙasa mai duhu irin na sau-cikinsa. In an kawo wuta sai in ari na'urar busar da gashi ta ƙanwata in bi shi da zafi don fentin ya kama.

Da na tsaya a nan da ya isa. Amma akwai wata hula da Baba ya fi so, wadda yake sawa ranar Juma'a, mai zane ƙanana kamar tsani yana hawa yana sauka. Na lura idon saƙar takalmin ya yi kama da idon ɗinkin hular. Sai na ɗauki hotonta tana rataye, na zauna da tsinken sakace ina ɗiga shuɗi mai duhu ido bayan ido, a gefen waje na kowace ƙafa. Na yi shi yadda daga nesa ba za a ga komai ba sai ruwan ƙasa, don na san ba zai sa abin da ke kiran ido ba. Sai wanda ya sunkuya ne zai ga zanen. Wuyana ya yi ciwo, idona ya yi ja, na goge wani ɓangare na sake saboda layi ɗaya ya kauce. Ban taɓa yin wani abu da kyau kamar wannan ba, har yau.

Ƙanwata na ba wa, ta kai masa. Ina daga tsakar gida na ji ta ce, "Baba, ga shi in ji Yaya."

"Ajiye can," ya ce.

Kwanaki suka wuce ba labari. Sai wata safiya bayan an dawo daga sallar asuba na ji ƙarar ƙofar gida karo na biyu. Na leƙa ta taga. Ga Baba da jallabiya da carbi, yana tafiya wajen titin Kawo, takalmin a ƙafarsa. Tafiyar ma ta canza, ba ya ɗingishi. Daga ranar kullum sai ya fita. In ya dawo ba ya barinsa a bakin ƙofa cikin tarin silifas, sai ya shiga da shi falo ya ajiye ƙarƙashin kujerarsa. Sau ɗaya na shigo ba zato na tarar yana goge shi da tsohon hankici, ya ɗaga shi kusa da fuskarsa. Yana ganina ya ajiye ya ɗauki rediyo.

Na ce wa kaina wannan ya isa. Bai isa ba. Kalma ɗaya nake jira, ko da ta bakin ƙanwata ce, ko da "ba laifi" ce.

Baba yana da taubashi a Katabu, ɗan goggonsa, wanda muke kira Baffa. Tare suka taso, kuma tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Shi ɗan mace ne, Baba ɗan namiji, don haka a wasansu Baffa bawa ne, Baba ubangida, kuma duk shekara bayan cika-ciki sai ya zo karɓar shara. Ba ya karɓar kuɗi. Abin da idonsa ya faɗa a kai yake ɗauka, wata shekara hula, wata shekara buta, har agogon bango ya taɓa saukewa. Baba ya yi ta zaginsa yana dariya, shi ke nan. Baffa kaɗai ne kuma yake kiran sunana da ƙarfi a gaban Baba, da gangan, don ya ga Baba ya kawar da kai.

Ya zo wata Asabar da hantsi. Tun daga zaure muka ji shi.

"Salamu alaikum! Ina marowacin gidan nan? Bawanka ya zo."

"Wa ya bar ƙofa a buɗe?" in ji Baba. "Ku rufe tukwane, fara ta sauka."

"Fara ai sai inda aka yi noma. Kai me ka noma ban da fayil?"

Na shiga na durƙusa na gaishe shi. Ya kama hannuna ya ƙi saki, yana tambayar karatu, yana cewa na fi ubana kyau da hankali. Ina nan durƙushe idonsa ya sauka ƙarƙashin kujera.

"Kai, kai, kai. Tsoho ya koma samartaka." Ya miƙa hannu ya jawo ƙafa ɗaya. Ya juya shi, ya latsa, ya kawo shi kusa da ido. Sai dariyar ta tsaya. Ya dubi gefen takalmin, ya dubi hular da ke rataye a bango, ya sake duban takalmin. "Wannan ai zanen hularka ne. Wane kamfani ne ya san hularka?"

"Yaya ne ya yi," in ji ƙanwata daga bakin ƙofa, da tiren ruwa a hannunta. "Da ruwan lemo ne. Da tsinke ya zana."

Baffa ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya jawo ɗaya ƙafar ya haɗa su a cinyarsa.

"To, sharar bana ta samu. Amma yau zan yi maka adalci, ubangidana. Ka ce, ɗana ne ya yi min. In ka faɗa, in ajiye maka kayanka in ɗauki tsohuwar rediyon can. Ban ce ka kira suna ba."

Baba ya yi dariya. "Ka ji shashasha. Ɗauki rediyon ka ba mu wuri."

"Ba na son rediyo. Faɗi."

"Kai dai ba ka girma. Wasan yara ne fa, ɓarnar fenti."

"Wasan yara ka ɓoye a ƙarƙashin kujera? To na rage maka. Ce, ya iya."

Ƙanwata ta ajiye tiren a hankali. Ni ba na iya ɗaga kai, don haka ƙafafun Baba kawai nake gani, da tabon ciwon da ya warke a dunduniyarsa. Na ga babban yatsansa ya danna kafet ya saki, ya sake dannawa. Wallahi na ɗauka zai faɗa. Har na fara jin kunyar yadda zan yi da fuskata idan ya faɗa.

"Ni dama yana matse ni," in ji Baba. "Ɗauka."

Bai matse shi ba. Ni na auna.

Ina jin Baffa ma bai zaci haka ba. Amma a wasan taubasai wanda ya mayar da abin da ya ɗauka shi aka ci, kuma su biyun ba wanda ya taɓa yarda a ci shi. Sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce a kawo leda. Baba da kansa ya ce wa ƙanwata ta kawo. Suka ci abinci, suka yi hirar gona da ta 'yan uwa, suka zagi juna son ransu. Da Baffa ya tashi tafiya, Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wannan yaron ya raka ka titi."

Ni na riƙe ledar har inda ake shiga motar Katabu.

"Kar ka sa a ranka," in ji Baffa muna tafiya. "Zai biyo shi. So nake in ga ƙarshen taurin kan nan. In ya zo zan ba shi."

Na ce to. Na miƙa masa ta taga.

Washegari ban ji ƙofa karo na biyu ba. Baba ya ce hadari ne. Bayan nan ya ce aiki ya yi yawa a ofis. Daga baya ya daina ba da dalili, mu ma muka daina sauraron ƙofar. Ba wanda ya sake ambaton takalmin a gidan, kamar ba a taɓa yinsa ba. Na ci gaba da gaishe shi safe da yamma, yana amsawa yana kallon wani wuri, yadda ya saba. Bambancin kawai, da ina ganin hakan kamar launin bangon gidanmu ne, yanzu kuwa kullum sai na ji shi.

Bayan damina Umma ta aike ni Katabu in kai saƙon biki. Ina shiga gidan Baffa, kafin in yi sallama ta biyu, na ga takalmin a bakin rijiya. Ƙafar Baffa ta fi ta Baba girma, don haka bai taɓa shigarsa ba. Mutanen gidan sun take dunduniyar sun mayar da shi silifas na zuwa ɗiban ruwa. Taɓo ya bushe a kan zanen. Inda aka lanƙwasa bayan, fentin ya dare, ruwan lemon yana leƙowa.

Baffa ya ga inda nake kallo. Ya yi tari, ya ce yaran gidan nan ba su da mutunci, ya ce ya ajiye shi a ɗaki ne wani ya fito da shi. Da muka zauna sai ya rage murya.

"Ka san ubanka ya zo?"

Na ce ban sani ba.

"Wata Lahadi. Wai ya zo duba fili. Ubanka ko kangon kaji ba shi da shi a Katabu. Ya zauna nan inda kake, ido sai yawo yake a bakin ƙofofi. Na ce, ka zo karɓar takalmin ɗanka ne? Ya ce wane takalmi. To lokacin an riga an take shi. Da zai fita ya gan shi can. Ya tsaya ya daɗe. Ko ruwa bai sha ba ya tafi." Baffa ya dafa kafaɗata. "Yana sonka, yaro. Bakin ne ba ya buɗuwa."

Wannan maganar na sha jin ta. Umma ta faɗa, goggonnina sun faɗa, kowa yana faɗa mini kamar albishir. Na san yana sona. Ba wannan nake tambaya ba. Mutumin da zai iya shiga motar haya daga Kawo har Katabu, da ƙaryar fili a bakinsa, ya kasa cewa "ya iya" a cikin falonsa, a gaban ɗan uwansa da 'ya'yan cikinsa. Shi ma Baffa ban ga abin gode masa ba. Ya ce don ni ya yi, amma wasansu ne na tun yarinta suka ci gaba da shi, kuma abin da suka sa a tsakiya suna ja ba na ɗayansu ba ne. A mota ina dawowa na yi ta tunanin in ce wa Baba na je na gani. Da na iso na gaishe shi, na ce Baffa yana gaisuwa, ya ce yana amsawa.

Ba a daɗe ba sugan ya sake hawa, likita ya yi faɗa. Wata la'asar ina karatu Umma ta shigo ɗakina da baƙar leda ta ajiye a kan katifa. Kambas ne na saƙa, na gwanjo, ruwan ɗorawa. Na juya shi. Girman daidai ne. Wanda ya saye shi da ƙafarsa ya gwada.

"An ce a ba ka," in ji Umma.

"Wa ya ce?"

"Kai ma ka sani."

"Umma, ni ban sani ba."

Ta dube ni kamar na yi ashar. "Ubanka ne fa. So kake ya zo ya durƙusa maka?"

"Ba durƙuso nake so ba."

"To me kake so?"

Na buɗe baki, sai na ga ni ma ba zan iya faɗa ba, ba a gabanta ba. Ta jira kaɗan, ta gyara mayafinta ta fita.

Ledar ta kwana biyu a inda ta ajiye ta. Amma ƙafar ƙafarsa ce, kuma na ga yadda ciwon farko ya wahalar da shi. Na wanke takalmin, na cusa jarida, na rufe tafin. Na yi aikin yadda ya kamata, shafi bayan shafi, ina hurawa ina jin iska a hannuna, ban bar wuri ɗaya da zai yi tauri ya goge masa fata ba. Na mayar da shi ruwan ƙasa mai duhu tun daga baki har dunduniya. Ban ɗauko tsinke ba. Ban zana komai ba.

Shi yake sawa har yanzu, kuma sugan ya sauka. Duk wanda ya gan shi a ƙafarsa zai ɗauka haka aka sayo shi, don haka ba wanda zai tambaye shi wa ya yi, shi kuma ba zai rasa amsa ba.